Majigin Nata'ala a Gaban 'Yan Kallo

Gumel,
5 ga Maris, 1978.

Zuwa ga iyalina Rakiyya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yarinyar nan, da Gwaggo Murja da dukkan mutanen gidanta. Yaya karatun ungozoma, yaya kuma zafin Kano? Ni lafiya lau nake, sai kewa, wadda ba sai na tsawaita magana a kanta ba.

A takardarki ta baya kin yi ƙorafi cewa layi shida nake rubuto miki, biyar daga ciki kuma gaisuwa ce. Kin yi gaskiya. Wannan karon akwai abin faɗa, kuma ke nake so in faɗa wa.

Za ki tuna Nata'ala, dogon ɗalibin nan na ajin ƙarshe da ya gyara mana rediyo bara ya ƙi zama cin abinci don kunya. Shi da abokansa huɗu sun zaɓi su yi fim a matsayin aikinsu na ƙarshen shekara, ni ne kuma mai duba su. Ma'aikatar watsa labarai ta ara mana ƙaramar kyamara. Alhamis huɗu suka yi suna zuwa kasuwar Maigatari, suna ɗaukar abin da ke faruwa a wasu rumfuna can bayan inda ake lodin shanu, inda ake sayar da burkutu da kwalaben giya da ke shigowa daga tsallaken iyaka. Abin da ya kai su shi ne yara. Akwai 'yan shekara goma sha biyu, sha uku, da suke sha a wurin da rana tsaka.

Sharaɗi ɗaya na gindaya musu, kada fuskar yaro ko ɗaya ta fito. Sun kiyaye. Ta baya suka ɗauki kowa, wani ma hannunsa da ƙwarya kawai ake gani. Aka aika zaren fim ɗin Kaduna aka wanko shi, ya dawo minti goma sha takwas, ba murya. Nata'ala ne ke tsayawa gefe da lasifika yana bayani.

Ranar Laraba muka nuna wa kwamitin makaranta. Ana kunna fitila Alhaji Ɗantsoho, mai motocin ɗaukar shanu, wanda maganarsa ke da nauyi a kwamitin, ya ce wannan tonon asirin ƙasa ne. Ya ce yaron da gwamnati ke ciyarwa ya ɗauki kayan gwamnati ya kunyata iyayensa, don haka a ƙona zaren, a kori shugaban masu yin. Mutum uku suka goyi bayansa. Saura wata uku Nata'ala ya zauna jarrabawar ƙarshe. Idan aka kore shi yanzu, shekara biyar ta tafi a banza, ba takardar koyarwa, ba kuma makarantar da za ta karɓe shi.

Kin san ba na son magana a taro. Amma na nemi izini na ce mu goma sha ɗaya ne a ɗakin, kuma ba dominmu aka yi fim ɗin ba. Na roƙi a bar ni in nuna shi a gari huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, in tattara abin da 'yan kallo suka ce, in rubuto rahoto. Idan jama'a suka ce an ci mutuncinsu, ko an koya wa yara abin da ba su sani ba, ni da hannuna zan sa hannu a takardar kora. Alhaji ya dube ni ya ce ashe malamin yana da baki. Aka ba ni mako shida.

Ban damu ba ƙwarai. Wannan aiki na koye shi a Zariya, na kuma yi shi a ƙauyuka biyu kafin in gama. Na tsara tambayoyi biyar masu sauƙi, an buga mini kwafi ɗari biyu. Na yarda da fim ɗin, na kuma yarda da mutanenmu idan aka tambaye su yadda ya kamata.

Ki gaishe da Gwaggo, ki ce na ga saƙon daddawa, na gode. Ki kula da kanki.

Naki,
Hudu

Gumel,
19 ga Maris, 1978.

Zuwa ga iyalina Rakiyya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya. Na ji daɗin jin tarin yarinyar nan ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya, sai gajiyar hanya.

Mun nuna a gari biyu. Wanda ke riƙe da injin majigi, kuma shi ne direbanmu, wani dattijo ne daga ma'aikata da kowa ke ce wa Kawu. Shekara ashirin yana yawo da majigi a ƙasar nan, kuma ba ya raga wa kowa. Da ya ga ɗaurin takarduna sai ya tambaye ni ko ƙosai za mu sayar.

A Gumel, bayan sallar magariba, filin ya cika. An raba takardu ɗari da ashirin, ɗari da takwas suka dawo, kuma ɗari da biyu sun ce fim ya yi kyau, ya ilimantar, a ƙara yin irinsa. Na yi murna har na kusa rubuto miki a ranar. Washegari da na zauna da su a tebur sai na lura da rubutun. Hannu ɗaya ya cika takarda talatin da ɗaya. Manyan da ba su yi boko ba sun miƙa wa 'yan firamare, su kuwa suka rubuta abin da suka san malami yana so. A tambaya ta huɗu, wadda ke cewa me ka koya, mutum goma sha tara sun amsa da Allah ya taimaki gwamnati. Wani ya rubuta cewa rijiyar unguwarsu ta rufta.

A Maigatari na bar takardu na koma ɗaga hannu. Da aka gama na tsaya na tambayi wa ya ga fim ɗin yana da amfani. Ba wanda ya motsa. Duk ido ya koma kan wakilin hakimi da ke kan kujera. Shi kuma, bawan Allah, ya ɗan jima yana tunani, sannan ya ɗaga. Nan take filin ya zama hannuwa. Don in gwada sai na juya tambayar, na ce wa ya ga fim ɗin bai kamata a nuna ba. Wakili ya ɗaga hannu don ya gyara hularsa, sai kusan rabin fili suka bi shi. Kawu ya yi dariya har sai da ya dafa mota. A hanya ya ce mini, “Malam, ka tara mutane gaban mai gari ka ce su faɗi ransu. A jami'ar taku ba mai gari ne?”

Akwai abin da ya fi wannan damuna. A tsakiyar fim akwai wajen minti huɗu da aka bi wani siririn yaro daga rumfa zuwa bakin kara, inda ake cinikin shanu. Yana tafe yana tangaɗi, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa kusa da ƙafafun shanu. Nata'ala ya ɗauki wurin a matsayin mafi ban tausayi, ya ma shirya kalmomin da zai faɗa a kai. A garuruwan biyu, nan ne aka fi dariya. A Maigatari har tafi aka yi, samari suna kwaikwayon tafiyar. Nata'ala ya tsallake rabin bayaninsa.

Ga inda nake. Idan na kai wa kwamiti lissafin nan kamar yadda yake, kashi casa'in cikin ɗari sun yaba, Nata'ala ya tsira. Amma na san lissafin ba komai a cikinsa, kuma Alhaji Ɗantsoho ɗan kasuwa ne, ya fi ni sanin yadda ake ɗaga hannu a Maigatari. Ko da bai gane ba ma, ni na gane. Ban yi alkawarin kawo lamba ba, abin da mutane suka gani na yi alkawarin kawowa.

Mutum ɗaya na lura da shi a Maigatari, wani Bafillace mai furfura, da malafa da sanda, a tsaye kusa da injin wuta inda ƙara ta hana kowa tsayawa. Bai yi dariya ba, bai ɗaga hannu a kowace tambaya ba. Na rubuta shi a cikin marasa ra'ayi.

Gwiwata ba ta yi sanyi ba. Hanyar tambaya ce ta gaza, hanya kuwa ana sake ta. Idan kina da shawara ina saurare, don kin fi ni jin abin da mutane ba su faɗa ba.

A gaishe da kowa da kowa.

Naki,
Hudu

Gumel,
2 ga Afrilu, 1978.

Zuwa ga iyalina Rakiyya,

Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, da fatan kuna lafiya, jarrabawar gwajinku kuma ta zo da sauƙi. Takardarki ta iso ranar Talata. Na karanta ta sau uku.

Kin tambaye ni ina mata suke zama idan ana majigi. Na ji kunyar tambayar, don ban taɓa dubawa ba. A bayan farin ƙyallen suke zama, su da 'yan mata da ƙananan yara, suna kallon hoton ta baya, hagu ta koma dama. Gari biyu na yi ina ƙirga rabin 'yan kallo, ina ce musu jama'a.

A Gagarawa na bi shawararki. Na roƙi Malama Safara'u, wadda ke koyarwa a firamaren garin, ta zauna cikin mata ba takarda ba fensir, ta saurara kawai. Ɗalibai biyu kuma na ce su tuɓe kayan makaranta su shiga cikin samari. Ban yi wa kowa tambaya ba.

Da safe Malama ta same ni a ofishin hedimasta. Ta ce mata ba su yi dariya ba sam. Sun yaba da cewa an fito da abin da suka daɗe suna faɗa wa mazajensu ana ce musu su yi shiru. Daga nan ta ce akwai saura. Yara bakwai ne a fim ɗin, kuma kafin a gama matan sun kira sunan biyar. Wani da ɗinkin hularsa aka gane shi, wani da facin da ke bayan rigarsa, don an san matar da ke irin wannan faci. Siririn yaron da ake wa dariya sunansa Kyauta, daga wata ruga kusa da Ɗanzomo. Yana jefa ƙafar hagu tun da saniya ta taka shi yana ƙarami, kuma duk mai zuwa kasuwar Maigatari ya san tafiyar. Malama ta ce ta gwada kare mu, ta ce ai an ɓoye fuskoki. Wata tsohuwa ta amsa mata da cewa, “'Yar nan, mu da kullum bayansu muke gani suna fita, mu za a ɓoye wa fuska?”

Rakiyya, sharaɗin nan ni na kafa shi, na kuma yi alfahari da shi gaban kwamiti. A littafi na karanta shi, littafin kuma an rubuta shi don birane inda mutum ba ya sanin maƙwabcinsa. Dariyar Maigatari ma yanzu na fahimce ta. Wanda suka sani suke wa dariya. An ce yaron ya daina zuwa kasuwa tun ranar.

Na kira Nata'ala na gaya masa duka. Ya tambaye ni ko lalle sai wannan ya shiga rahoto, tunda Malama kaɗai ta ji. Na ce sai ya shiga. Ya ce to. Ban ba shi haƙuri ba, don ban ga abin da haƙuri zai gyara ba, amma na gaya masa sunana ne zai fara zuwa a wajen laifi.

Sule Tankarkar ta fi kowane gari kusa da Ɗanzomo. Na yi tunanin fasawa, sai Kawu ya ce a bar masa. Da aka zo wurin minti huɗun nan sai ya cire hularsa ya kifa a bakin injin, ya yi ta faɗa da injin yana cewa tsufa ya kama shi, har wurin ya wuce. Sauran wuraren da ake gane yara ma haka ya yi. Jama'a suka yi ta tsokanarsa, shi kuma yana ramawa.

Washegari da hantsi muna ɗaura kaya sai ga Bafillacen nan mai malafa. Ashe ya je Gagarawa ma, a ƙafa, ɗalibaina sun gan shi. Sunansa Bappa. Muka zauna a gindin wata tsamiya, muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi shanun da ba ni da su. Daga nan ya ce yana da wani maƙwabci, wanda aka ce yaronsa ya fito a majigin. Maƙwabcin ne ya aiko shi da magana biyu. Ta farko, me ya sa aka rufe wurin jiya, alhali saboda wurin aka zo. Ya ce mutum yakan shekara goma sha uku da yaro a gida bai taɓa tsayawa ya dube shi da kyau ba, sai a duhun majigi inda ba mai ganin inda idonsa yake. Ta biyu, maƙwabcin ya ce majigin bai yi ƙarya ba, amma ya fara daga tsakiya. Yaro ba ya tashi haka kawai ya nufi rumfar giya. Aikensa ake yi. Babba mai gemu ba ya so a gan shi a wurin, sai ya ba yaro jaka ya ce ya karɓo wa baƙinsa, direbobi da masu sayen shanu. Ladan aiken shi ne abin da ya rage a gindin kwalba.

Na tambaye shi ko maƙwabcin yana so a ƙona fim ɗin. Ya ce bai aiko shi da wannan ba. Na gaya masa halin da Nata'ala yake ciki, da ranar da kwamiti zai zauna, don ya kamata ya san abin da maganarsa ta shafa. Ya ɗauki sandarsa. Ya yi sallama ya tafi.

A mota na ce wa Kawu ina so in ga maƙwabcin da kansa. Ya dube ni kamar mai duban mara lafiya. Ya ce rugar Bappa ita kaɗai ce a dajin, wane maƙwabci gare shi in ba dila ba. Kyauta ɗansa ne na fari, wanda ya samu bayan shekara tara da aure. Ɗan fari kuwa, kin sani, uba ba ya kiran sunansa, ba ya nuna ya san da shi gaban mutane, balle Bafillace. Bai kamata a ce sai an fassara mini ba. Ni da na yi jami'a, kin taɓa jin na kira sunan yarinyar nan?

Zan rubuta rahoton a wannan mako. Na san abin da zan sa a ciki, ba kuma zan rage komai ba. Yadda kwamiti zai karɓe shi ne ban sani ba. Ki sa Nata'ala a addu'a.

Gaisuwa ga Gwaggo da mutanen gida.

Naki,
Hudu

Gumel,
16 ga Afrilu, 1978.

Zuwa ga iyalina Rakiyya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya. Na ji sakamakon gwajinki daga bakin Malam Ɗantala da ya dawo daga Kano. Bai ba ni mamaki ba, amma ya faranta mini rai fiye da yadda na nuna masa.

Kwamiti ya zauna ranar Laraba da safe. Rahoton shafi shida ne, na karanta shi da kaina. Na ce takardun Gumel da hannuwan Maigatari ba abin dogaro ba ne, na faɗi dalili. Na ce ban samu ko mutum ɗaya da ya ce fim ɗin ya koya wa yaro sha ba, ban kuma samu wanda ya ce ƙarya aka nuna ba. Na kawo abin da mata suka ce, na kawo maganar aike, ban ambaci sunan wanda ya faɗa ba. Sannan na ce an gane yara biyar, ɗaya ya cutu, kuma sharaɗin da ya jawo haka nawa ne, ɗalibi umarni ya bi.

Alhaji Ɗantsoho ya ce to magana ta ƙare, malami ya amsa laifi da bakinsa. Alkawari shi ne idan an ci mutunci a kora, ga shi an ci. Maganar aike kuwa, in ji shi, zancen da ba shi da mai shi ba ya zama hujja. A gaskiya ya fi ni riƙe alkawarin yadda na furta shi, kuma na ga kawuna suna gyaɗawa. An riga an ajiye takardar kora a gaban shugaban makaranta.

A nan masinja ya leƙo ya ce akwai wani mutum a gindin darbejiya tun asuba, ya ce shi ɗan kallo ne, an ce yau ake jin ta bakin 'yan kallo. Alhaji ya ce ba a gayyace shi ba. Shugaba ya ce a kan maganar jama'a aka yi yarjejeniya, a shigo da shi.

Bappa ya ajiye sandarsa da takalmansa a bakin ƙofa. An ba shi kujera ya ƙi, ya durƙusa kusa da bango. Na ɗauka zai sake kawo maƙwabcinsa. Ga abin da ya faɗa, na rubuta shi a ranar don kada in canza kalma:

“Yaron da ke faɗuwa a majigin ɗana ne. Sunansa Kyauta. Ni na fara aikensa, yana shekara goma sha ɗaya, saboda masu lodin shanuna. Ba ni kaɗai ke aike ba, amma kaina na zo faɗa. Yaron makaranta bai ci mutuncina ba. Ya same shi a ƙasa ne ya ɗauki hotonsa.”

Bai kalli kowa ba da yake maganar masu aike. Ba wanda ya kalli kowa. Kawu, da ke tsaye a taga ba da izinin kowa ba, ya gaya mini daga baya cewa shekararsa sittin bai taɓa jin Bafillace ya kira sunan ɗan farinsa a taro ba, kuma da a ce ya san za a yi da bai zo ba, don abin ya fi ƙarfin kallo. Alhaji ya daɗe yana jan carbi. A ƙarshe ya ce shi dama gyara yake nema, kuma tunda mai abu ya yafe, shi ba shi da ta cewa. Ban bincika abin da ya sauya shi ba, ba kuma zan bincika ba.

Ga hukuncin. Za a yanke duk wurin da ake iya gane yaro, ba kuma za a sake nuna fim ɗin ba sai Malama Safara'u da mata uku sun kalla sun ce ba su gane kowa ba. Ni an rubuta mini takardar jan kunne, na kuma amince da ita. Nata'ala zai zauna jarrabawarsa a watan Yuni.

Shi da kansa ya yi yankan, da reza, a ɗakin gwaje-gwaje. Minti bakwai suka fita, kuma su ne mafi kyawun abin da ya ɗauka, ya sani, na sani. Jiya Asabar muka kai guntayen zaren rugar Bappa, don nasu ne. Nata'ala ya durƙusa ya nemi gafarar yaron da mahaifiyarsa. Uwar ta amsa daga cikin bukka. Kyauta kuwa ya kori maruƙa ya yi daji. Ba zan ce miki wannan ɓarnar ta gyaru ba. Watakila sai an daɗe.

Da za mu taso Nata'ala ya ce wa Bappa fim ɗin yanzu ba shi da farko, tunda an ce daga tsakiya ya fara. Yana so ya ɗauki hannun wani babba yana miƙa jakar aike, hannu kawai, kuma zai nemi wanda ba ɗan ƙasar nan ba don kada a sake yin irin ta baya. Bappa ya ce ba sai an je nesa ba. Ya ce ranar Alhamis yana kara tun safe, a zo da kyamarar. Nata'ala ya fara yi masa bayanin yadda zai tsaya a bayansa don kada a gane shi. Ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya ce, “Ni ba yaro ba ne. Ka ɗauke ni ta gaba.”

Ranar Alhamis za mu je.

Ki gaishe da Gwaggo Murja da dukkan mutanen gida. Allah ya ba ki sa'ar abin da ya rage, ya dawo mini da ku lafiya.

Ni ne naki,
Hudu